Waiwaye: Yadda albashi ya raba 'yan asalin Ostareliya da ƙasar kakanninsu

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2023, da kusan kashi 60 cikin ɗari na masu jefa ƙuri'a a Ostareliya suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki, muhawara ba ta lafa ba. Wasu na cewa ƙasa ɗaya ce, doka ɗaya ce, babu dalilin ware wa wani matsayi na daban. Wasu kuma na nuni da cewa 'yan asalin ƙasar, waɗanda ba su kai kashi 4 cikin ɗari na al'umma ba, su ne kusan kashi ɗaya bisa uku na manyan da ke gidajen yari, kuma tsawon rayuwarsu ya gaza na sauran jama'a da kimanin shekara takwas.

Farkon labarin sananne ne. Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, sun zauna a nahiyar fiye da shekara dubu hamsin kafin jiragen Birtaniya su sauka a gaɓar Sidni a Janairun 1788. An ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita, ba a ƙulla wata yarjejeniya da mazaunanta ba, saɓanin Niyuzilan inda aka sa hannu a kan yarjejeniyar Waitangi a 1840. Agana da harsashi sun rage yawansu ainun, daga baya kuma aka shafe shekaru ana raba 'ya'ya da iyayensu.

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen shekarun 1960 wanda ba a cika ambatarsa ba, kuma a ganina ya fi yawancin abubuwan da ake ta cece-kuce a kansu bayyana halin da arewacin ƙasar ke ciki yau.

A yankin Arewa (Northern Territory) da kuma yankin Kimbali da ke arewa maso yammacin ƙasar, manyan gandayen kiwon shanu sun mamaye ƙasar ƙabilu da dama, amma masu gandayen ba su da hannun da zai yi musu aiki sai na mutanen da suka tarar. Maza suna bisa dawaki suna kora shanu, mata suna wanki da girki a gidan maigida, ladan kuwa garin alkama ne da sukari da ganyen shayi da taba da ɗan nama, wani lokaci da kuɗi kaɗan. Zalunci ne tsagwaronsa, babu mai musu. Sai dai a cikinsa akwai abu guda da mutanen suka riƙe gam: suna zaune a kan ƙasar kakanninsu. Idan damina ta sauka aikin shanu ya tsaya, sai dangi su shiga daji, su ziyarci wuraren da suke girmamawa, su yi bukukuwan shigar da samari cikin manya, tsofaffi su nuna wa yara inda ruwa yake da sunan kowane dutse.

A Maris ɗin 1966 kotun sasanta rikicin ma'aikata ta yanke cewa makiyayi Aborijin a yankin Arewa ya cancanci albashi daidai da na Bature, aka ɗage fara aiki da hukuncin zuwa Disambar 1968. Hukuncin adalci ne, kuma ya makara. Matsalar ita ce an ba mutum haƙƙin guminsa ba tare da an ba shi haƙƙin zama a inda aka haife shi ba. Da albashi ya tashi, gandaye suka koma ga shingen waya da babura da jirage masu saukar ungulu, aka sallami ma'aikata, iyalansu kuma suka rasa hujjar ci gaba da zama. Ɗaruruwa suka tare a gefen ƙananan garuruwa irin su Fitzroy Crossing da Halls Creek, cikin bukkokin kwano, ƙabilu masu harsuna daban-daban a cakuɗe, babu aikin yi, sai kuɗin tallafi, a daidai lokacin da ake ɗage dokokin da suka hana su sayen barasa. Dattijon da jiya ake jin maganarsa a daji da kan doki ya wayi gari a ƙasar wasu, ba shi da ta cewa.

Mutanen ƙabilar Gurinji sun hango haka da wuri. A Agustan 1966 wani dattijonsu, Vincent Lingiari, ya jagoranci kimanin mutum 200 suka fice daga gandun Wave Hill. Aka zaci yajin aikin neman ƙarin albashi ne, su kuwa suka kafa zango a Daguragu suka ce ƙasarsu suke nema, kuma sai a 1975 aka mayar musu da wani ɓangare nata. Dokar mallakar ƙasa ta 1976 ta biyo baya, amma yankin Arewa kaɗai ta shafa.

Hukuncin da babbar kotun ƙasar ta yanke a shari'ar Mabo a 1992 ya rushe iƙirarin cewa ƙasar ba ta da mai ita, na shari'ar Wik a 1996 kuma ya tabbatar da cewa haƙƙin gadon ƙasa na 'yan asali zai iya zama tare da hayar gandun kiwo. Duk da haka, doka ta ɗora wa mai nema nauyin tabbatar da cewa alaƙarsa da ƙasar bisa al'ada ba ta yanke ba, kuma da yawa daga cikin masu zuwa gaban kotu da wannan buƙata jikokin waɗanda aka sallama daga gandaye ne bayan 1968.