Agogon bugun zuciya a wurin tsere: wai da gaske korar mutum ake yi?

Maganar da ke yawo tsakanin masu gudu ita ce wai duk wanda ya shiga tsere ɗaure da agogon nan mai auna bugun zuciya da ƙirga taku, to ya yi gudun banza, don soke sakamakonsa za a yi. Har akwai masu kwance nasu su cusa a jaka tun kafin a jeru a layin farawa. Ba haka dokar ta ce ba.

Ana magana ne a kan doka ta 6 cikin dokokin World Athletics, hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya mai hedikwata a Monako, wadda kafin 2019 ake kira IAAF. Tsofaffin alƙalai sun fi saninta da doka ta 144. Ta shafi mai fafatawa a gasar da ake gudanarwa bisa dokokin hukumar, a fili ko a kan titi. Mai gudun motsa jiki da safe babu ruwansa da ita.

Sashe na 6.4.4 bai ɓoye komai ba: na'urar auna bugun zuciya, ko sauri da nisa, ko taku, wadda ɗan tsere ke sanye da ita a jikinsa, ba a ɗauke ta taimako ba. Koriyar fitilar nan da ke haska fatar wuyan hannunka tana lissafa bugun jini, da ɗan girgizar da agogon ke yi idan ka cika kilomita, duk halas ne. Ina zaton ƙwallon ƙafa ce ta rikita mutane, don a can ɗan wasa ba ya shiga fili da agogo.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin da aka liƙa a ƙarshen sashen: muddin ba za a iya amfani da na'urar wajen sadarwa da wani mutum ba. A lura da kyau, ba a ce "bai yi amfani da ita ba", cewa aka yi "ba za a iya ba". Dalilin a bayyane yake. Koci na iya turo saƙo cewa na bayanka ya gaji, ka ƙara wuta, alhali sauran ba su da mai raɗa musu. Shi ya sa sashe na 6.3.2 ya hana riƙe waya ko rediyo a wurin gasa, ko da ba a taɓa su ba.

To amma agogon yau fa? Wani yana da layin kansa, yana amsa kira ba tare da waya ba. Wani kuma sai waya na kusa saƙo ke shigo masa, in an bar ta a jaka ya zama kurma. Na biyun ba shi da wata matsala. Na farkon kuwa ya faɗa bakin sharaɗin, kuma dokar ba ta ce kashe layin ya wadatar ba. A ganina nan an bar wa alƙali wuƙa da nama fiye da kima, domin mutum biyu da agogo iri ɗaya na iya samun hukunci daban a gasa daban.

Hukuncin ma ba kora nan take ba ne. Sashe na 6.2 ya ce alƙali zai fara da gargaɗi, ya sanar da kai cewa in ka maimaita za a fitar da kai daga wannan tseren. Inda ake iya kora ba gargaɗi shi ne idan wanda ba ya cikin tseren ya shigo yana ja maka gudu, ko wata na'ura ta yi hakan, kuma an cire agogon da 6.4.4 ya halatta daga cikin irin waɗannan na'urori.

Masu shirya gudun fanfalaki sukan fitar da nasu ƙa'idojin a takardar rajista. Mai agogo mai layi ya karanta ta, in bai ga batun ba ya tambayi alƙalin gasar kafin ranar tsere.