Bunhill Fields, maƙabartar da mutanen Landan ke cin abincin rana a cikinta: tambayoyi da amsoshi

Wai shin lambu ne ko maƙabarta?

Duka biyun ne. Bunhill Fields fili ne da bai wuce eka 4 ba a unguwar Islington, a bakin titin City Road, 'yar tafiya kaɗan daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Old Street. An binne mutane a nan daga 1665 zuwa 1854, kuma an ƙiyasta yawansu da kusan 123,000. Ka duba ƙanƙantar filin, ka duba wannan adadi, ka san an yi ta jera wani bisa wani. Duwatsun kabari da suka rage yau ba su fi dubu biyu da 'yan kai ba. A 1869 aka buɗe wurin ga jama'a domin shan iska, kuma hukumar tsohon birnin Landan ce ke kula da shi har gobe.

Daga ina sunan ya fito?

Asalinsa na nufin tudun ƙasusuwa. A 1549 aka kwaso ƙasusuwan matattu amalanke bayan amalanke daga ma'ajiyar da ke majami'ar St Paul, aka jibge su nan, aka rufe da ƙasa.

Me ya sa ake ɗaukar wurin da daraja?

Saboda irin mutanen da ke kwance a ciki. A wancan zamani, wanda aka binne a harabar Cocin Ingila da addu'o'in cocin ake binne shi, ko yana so ko ba ya so. Kiristocin da suka ƙi bin cocin gwamnati, waɗanda aka hana su muƙamai da digirin jami'o'in Oxford da Cambridge, sai suka raja'a ga wannan fili, domin a nan iyalan mamaci na iya kawo malaminsu ya yi musu yadda suke so.

Akwai Susanna Wesley, wadda ta rasu a 1742, mahaifiyar John Wesley da ya kafa ɗariƙar Methodist. Cocinsa na tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Akwai Thomas Bayes, limamin coci kuma masanin lissafi da ya rasu a 1761, wanda ƙa'idarsa ta auna yiwuwar abu ke cikin na'urorin da ke tace saƙonnin banza daga imel ɗinka. Masana ƙididdiga daga ƙasashe daban-daban ne suka yi karo-karo aka gyara kabarinsa a 1969.

Amma wanda ya fi tara baƙi shi ne mawaƙi kuma mai zane William Blake, da ya rasu a 1827 ba shi da ko sisi. Tsohon dutsensa cewa kawai ya yi gawarsa na nan kusa, kuma daga baya an matsar da dutsen daga ainihin wurin. Sai a 2018, bayan wasu masoyansa sun bi tsofaffin kundaye suna awon ƙasa, aka shimfiɗa sabon dutse daidai inda yake kwance. Idan ka leƙa kan tsohon za ka ga tsabobi da 'yan furanni da masu ziyara ke ajiyewa.

Da gaske ne ana cin abinci a ciki?

Gaskiya ne, kuma wannan ne ke fara ɗaure wa Bahaushe kai, mu da muka saba shiga maƙabarta da sallama da sanyin jiki. Da rana tsaka ma'aikatan ofisoshin kewaye kan cika bencina, kowa da 'yar ledar burodinsa, tattabarai da kurege na jiran abin da zai faɗo. Sai dai akwai tsari. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun lalata ɓangaren arewa, shi ya sa a shekarun 1960 aka share shi aka mai da shi filin ciyawa. Nan ake zama. Kaburburan kuwa galibinsu na bayan shingen ƙarfe, ba mai hawa kansu. A ganina wannan zirga-zirgar ce ma ta ceci wurin. Fili irin wannan a tsakiyar Landan, da ba kowa ke shigarsa ba, da wuya masu gine-gine su ƙyale shi.

Ana biyan kuɗi? Kuma ana iya shiga cikin shingen?

Shiga kyauta ce, amma ana kulle ƙofofi da yamma, kuma da hunturu dare na saurin yi. Hanya ɗaya ce ta ratsa tsakiya daga City Road zuwa Bunhill Row, kuma daga kanta za ka ga manyan kaburbura. Mai son kaiwa ga wani kabari da ke cikin shinge, kamar na Bayes, sai ya nemi ma'aikacin wurin ya buɗe masa ya raka shi. Sa takalmi mai kama ƙasa, domin shimfiɗaɗɗun duwatsun hanyar na santsi idan an yi ruwa, kuma wasunsu rubutun kabari ne a kai da sawun mutane ya kusa shafewa.