Wai mene ne "farfaɗo da daji", kuma me ya kawo zarto da ashana a ciki?

Duk wanda ya ji an ce za a farfaɗo da daji, abin da ke fara faɗo masa a rai shi ne dashen itatuwa, a kawo tsirrai cikin leda, a tona rami, a zuba ruwa, a ɗauki hoto. To ba nan kalmar ta tsaya ba. Ma'anarta wajen masana muhalli ita ce a taimaki wurin da ya lalace ya koma mazaunin tsirrai da tsuntsaye da ƙwarin da ke cikinsa tun asali, kuma sau da yawa hanyar kaiwa ga haka sara ce da tuge ciyawa da cinna wuta.

Bari mu ɗauki Shikago a Amurka, don can ne abin ya yi suna. Gundumar Cook da birnin ke ciki tana da dazuzzukan da aka keɓe kusan eka 70,000, sun haura shekara 100 a hannun hukuma. A 1977 wani mutum Stephen Packard ya fara tara mutane 'yan kaɗan suna zuwa gyaran wasu filaye a bakin reshen arewa na kogin Shikago, yau ga shi abin ya zama al'ada, ranar Asabar ko Lahadi da safe sai ka ga malamin makaranta da ɗalibi da tsohuwar da ta yi ritaya sun hallara da safar hannu da zarto da wani ƙaton almakashi, awa uku suna aiki babu mai biyansu ko sisi. 'Yan sa-kai ke nan, amma fa ba irin namu masu bindiga ba, aikin gayya ne kawai.

Me suke sarewa? Wani ɗan itace mai ƙaya da suke kira bakton, daga Turai aka kawo shi a shekarun 1800 don yin shinge, sai ya ƙwace. Shi ne ke fara fitar da ganye in sanyi ya wuce, shi ne kuma na ƙarshen zubarwa, inuwarsa ta rufe ƙasa ruf, tsuntsaye su ci 'ya'yansa su je su kasayar da irin ko'ina. Dajin can kuwa asalinsa na wata babbar bishiya ce da suke kira oak, mai sarari tsakanin bishiya da bishiya, kuma ƙaramin oak ba ya girma a duhu. Ka ga daga nesa sai ka ce kai wannan daji ya yi kore shar, alhali in ka shiga ƙasa fayau take, tsofaffin bishiyoyi na nan amma babu magada. Sai a sare bakton ɗin, wanda ya samu horo ya shafa wa kututturen maganin kashe ciyawa don in ba haka ba tofowa zai yi fiye da da, a tara rassan a ƙona.

Ita kuma bazara, ina nufin tasu ta Maris zuwa Mayu lokacin da ƙanƙara ta narke, ba tamu ta zafin nan ba, dalilin muhimmancinta a wannan aiki shi ne akwai furannin daji da duk bayyanarsu a saman ƙasa makonni kaɗan ce a shekara, su fito su yi fure su ba da iri kafin manyan bishiyoyi su rufe sama da ganye. Daidai lokacin ne wata ciyawa mai warin tafarnuwa take tasowa ta danne su. Ita ma baƙuwa ce daga Turai, an fara ganinta a tsibirin Long Island na jihar New York a 1868, shekara biyu take rayuwa, a ta biyu take fure ta zubar da iri mai yawan gaske wanda ke iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jira. Har guba take saki da ke cutar da ƙananan halittun cikin ƙasa masu taimakon saiwar bishiya. Shi ya sa a Afrilu da Mayu ake durƙusawa ana tuge ta da hannu har saiwa, a cusa a buhu a fitar, don in ka yar a wurin tana iya ƙarasa nunar da irinta. Aiki ne mai cin baya gaskiya, kuma baɗi sai an dawo wuri ɗaya.

Maganar wuta ce ta fi ba mutane mamaki. 'Yan asalin yankin irin su Potawatomi sun daɗe suna ƙona dajin, oak na da kaurin ɓawo yana jurewa, da aka hana wuta ne itatuwan da aka kawo daga waje suka samu fili. Yanzu ma'aikata masu horo ke cinna ta a farkon bazara ko kaka, bayan an duba iska an yi layin tsayar da ita, ba irin ta mafarautan gafiya ba da ke cinye gonar mutane.

Kada ka ɗauka kowa ya yarda da wannan. A 1996 maƙwabtan dazuzzukan sun tayar da jijiyar wuya, su a ganinsu ina hankali a sare bishiya da sunan ceton daji, har shugaban hukumar gundumar John Stroger ya dakatar da aikin, wasu wuraren suka yi shekaru ba a taɓa su ba. Ni dai ina ganin suna da 'yar hujja, don tambayar "a mayar da shi yadda yake a wane zamani?" ba ta da amsa ɗaya, sai dai barin bakton ya ci karensa babu babbaka shi ma zaɓi ne.

Wanda ya san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru, har mutanen gari ke fitowa gayya da adda da lauje suna yanke ta don ruwa ya wuce masunta da manoman shinkafa su samu sa'ida, to ya riga ya ga wannan aikin da idonsa, sunan ne kawai bai zo masa ba.