Kafin a biya kuɗin abin wasan, a juya bayansa

Da Sallah ta matso, teburan 'yan koli a Sabon Gari da Kasuwar Rimi kan cika da bindigar roba, agogo mai walƙiya da wayar wasa mai waƙa. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana gani zai kafe, uwa kuma ba ta son kukansa a cikin mutane. Iyaye, don Allah kafin ku miƙa kuɗi ku juya abin, ku duba inda batir yake.

Da yawa daga masu walƙiyar nan ƙaramin batir ne a cikinsu, mai kamar maɓallin riga. Idan murfin ba da noti aka ɗaure shi ba, farcen yaro ma ya isa ya ɓalle shi. Batirin nan in ya maƙale a maƙoshi, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin, alhali abin da za a gani a waje bai wuce dalalar yawu, tari ko ƙin abinci ba. Kada a ɗura masa manja, kada a sa masa yatsa don ya yi amai. A wuce asibiti nan take, ko Murtala ko Malam Aminu Kano, a faɗa tun daga ƙofa cewa batir ake zargi, don a yi masa hoto da wuri.

A kuma tuna da ƙanensa mai rarrafe, wanda komai baki yake kaiwa. Duk abin da zai wuce ta cikin bututun kwalin da ke tsakiyar naɗin tishu bai dace da ɗan ƙasa da shekara 3 ba. Haka fasasshen balan-balan, ƙananan maganaɗisu, da abin da fentinsa ke ɓarewa.

Ni a ganina abin wasa mai kyau shi ne wanda yaro ke aiki da shi, ba wanda ke wasa shi kaɗai yaro na kallo ba. Ƙwallo, 'yar tsana, manyan bulo na roba, fensirin kala da takarda, har kofunan roba da yashi mai tsafta. Yarinyar da ke tuwon ƙasa tana rabawa ƙawaye, tana koyon ƙirga, magana da jiran layi. Waya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi.