Tahoua zuwa Agadas: yadda kilomita 400 ta koma tafiyar yini

Kwanan nan ko'ina ka zauna a Tahoua maganar ke nan, wasu na cewa a samar mana jirgi na kullum tsakanin filin jirginmu da na Mano Dayak a Agadas, wasu kuma su ce a'a, talaka ina ruwansa da jirgi, a gyara mana hanya kawai. To amma abun nan ba jiya ya fara ba.

Mu fara da nisan kansa. Ta sama, tsakanin filayen biyu wajen kilomita 370 ne, ƙaramin jirgi mai farfela awa ɗaya da ɗan kai ya sauka. Ta ƙasa kuma, in ka bi Tabalak da Abalak, kilomita 400 ne da ɗoriya. Kenan hanyar kusan miƙe take, ba kamar Yamai zuwa Tahoua ba da sai ka zagayo ta Dosso da Dogondoutchi da Konni. Nisa bai kai ya cinye ma mutum yini ba, ramuka ne ke cinye shi.

Farkon labarin kowa ya san shi. An fara haƙo uraniyom a Arlit a 1971, kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa kwalta daga Tahoua har Arlit aka gama wajen 1980, aka sa mata suna hanyar uraniyom.

Abun da ba a cika faɗa ba shine lokacin da aka gama ta ɗin. Daidai nan ne kasuwar uraniyom ta juya a duniya. A ƙarshen shekarun 1970 kowace laba ta haura dala 40, bayan hatsarin tashar nukiliya a Amurka a 1979 ƙasashe da yawa suka ja baya da gina sababbin tashoshi, farashi ya yi ta gangarawa har ya faɗi ƙasa da dala 10 wajen 1990. Wato an haifi hanyar ne ranar da nonon uwarta ya fara ƙafewa. Ita kuwa kwalta a ƙasa mai zafi irin tamu, ga rairayi na binne gefenta, ga ruwan damina na yanke ta a ƙoramai, ga manyan kamiyo da kaya fiye da kima dare da rana, dole sai ana mata faci da sabon shafi bayan ƴan shekaru, in aka tsallake zagaye ɗaya kuɗin gyaran ninkawa yake. Ana cikin wannan sai ga karya darajar sefa a Janairun 1994, da rabi cur, kwalta da injuna da kayan gyaran jirgi duk daga waje ake sayo su, tsadarsu ta ninka cikin dare ɗaya. A ganina nan ne hanya da jirgi suka kwanta tare, shi yasa da ɗaya ya gaza ɗayan bai iya ɗaukar mutane ba.

Bikin 18 ga Disamba, na ranar jamhuriya, ya zo Agadas a 2016, ya zo Tahoua a 2017, garuruwan sun sha kwalliya kuma mun ji daɗi wallahi. Sai dai mai jinya da ke kwance bayan mota daga Abalak, da mai albasa da kayansa ke ruɓewa in kamiyo ya karya ƙafa a daji, su tsakanin garuruwan ne ya dame su, kuma kuɗin tikitin jirgi ko an kawo shi gobe ba aljihunsu ba ne.