Motarka na da Bluetooth, me waya ke yi a hannunka?

"Sista, wallahi sakan ɗaya ne." Na ji wannan magana har na gaji da jin ta. Ina aikin jinya a sashen gaggawa, kuma da yawa daga direbobin da ake kawo mana bayan haɗari, in dai bakinsu na motsi, abin da suke faɗa ke nan. Sakan ɗaya na duba wanda ke kira. Sakan ɗaya na lalubo wayar a aljihun riga. Sakan ɗaya ta zame ƙarƙashin kujera na sunkuya.

Kwanan baya aka kawo mana wani magidanci, sitiyari ya daki ƙirjinsa, haƙarƙari biyu sun karye. A Daidaita Sahu ya daka ta baya, ta tsaya sauke fasinja. Cikinta akwai wata mata da 'yarta, yarinyar ta karye a cinya. Da ƙaninsa ya nuna min hoton motar sai na ga 'yar Kwatano ce mai kyau, ga maɓallin amsa waya nan ɓaro-ɓaro a jikin sitiyari. Na ce, "Alhaji, motar nan ba ta da Bluetooth ne?" Ya ce akwai, bai dai taɓa haɗawa ba. Shekara biyu yana hawanta! Na yi masa sannu, na gyara masa ƙarin ruwa, amma raina a ɓace yake har na tashi aiki.

'Yan'uwa direbobi, ba faɗa nake so ba, tausayinku nake ji. Amma ku ajiye wayar nan. Ku daina riƙe ta mota na tafiya, ku daina maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, wuya a karkace, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a giya.

Ku yi lissafin da kanku. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan. In ka sauke ido sakan uku ka duba suna, ka shafe sama da mita 80 a makance, kusan tsawon filin ƙwallo. Ko a cikin gari, a kan kilomita 60, sakan ɗaya mita 17 ne. Yaro ɗan makaranta na iya tsallakowa a wannan tazarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota na kashe mutum kimanin miliyan 1.19 duk shekara, kuma direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. A Najeriya laifi ne ma, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra na cin tara a kansa. Ni tarar ba ta dame ni ba, cinyar yarinyar nan ce ta dame ni.

Na san uzurorinku. Wani ya ce bai iya haɗawa ba. Haba malam! Kai da ka iya tura kuɗi ta waya, ka iya buɗe zauren WhatsApp na 'yan unguwa? Ka kunna mota tana tsaye, ka buɗe Bluetooth a wayarka, ka zaɓi sunan rediyon motar in ya fito, ka amince da lambar da aka nuna. Tsofaffin rediyoyi sukan nemi 0000 ko 1234. Shi ke nan. Daga ranar, da ka shiga za su gane juna, kira zai fito ta sifikar mota, ka danna maɓalli ɗaya ka amsa. In ya gagare ka, ɗanka na sakandare zai yi maka kafin shayinka ya huce.

Wani ya ce motarsa tsohuwa ce. Akwai ƙaramar na'urar da ake cusawa a ramin caji, tana karɓar murya daga waya ta Bluetooth ta aika wa rediyo ta zangon FM. Ka nemi zangon da babu tashar da ke kai, ka saita na'urar da rediyon a lamba ɗaya. Masu kayan waya na sayar da ita, kuma kuɗinta bai kai na hoton ƙashi da filasta ba, ku tambaye ni.

Uzuri na uku shi ya fi ba ni haushi, don masu shi sun riga sun haɗa komai. Kira ya shigo ta sifika, sai mutum ya yi wuf ya fizgo wayar ya mayar kunne, wai kar na cikin mota su ji. Ko uwargida na gefe amarya ta kira, ko maganar kuɗi ce ga fasinjoji. To in sirri ne, wa ya ce dole sai yanzu? Ka amsa ka ce, "Ina tuƙi, ina tare da mutane, zan kira." Ko ka bar ta ta yi ta ringi. Ban taɓa karɓar majinyacin da rashin ɗaga waya ya kawo shi ba.

Kuma kar wani ya ce Sista ta ce in an haɗa da rediyo an tsira. Ban ce ba. Ita Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ce magana ba tare da riƙe waya ba bai fi riƙewar aminci da wani abin kirki ba. Hannu ne ya huta, hankali na can wurin mai kira. Fasinjan da ke gefenka yana ganin tirelar da ke tahowa, zai yi shiru ko ya ce maka "a hankali". Wanda ke waya ba ya ganin komai, zai ci gaba da cinikinsa kana tsakiyar wuce mota a hanyar Zariya. Taura biyu ba ta taunuwa. In mun yi magana ku ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta zaro wayar daga aljihu ba.

A gurguje:

- Ka haɗa, ka saita murya, ka gwada, duk kafin ka fara tafiya.
- Wayar ta zauna a aljihu ko a maƙalinta, ba a cinya ba.
- Kira ya zama gajere. Ciniki, rigima, labarin rasuwa, ka gangara gefe ka tsaya.
- Saƙon rubutu da na murya, babu su sam.
- In ka tarar da haɗari, ka tsaya inda ba za a buge ka ba, ka kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Ku ma fasinjoji ku buɗe baki, ranku ne a hannunsa, ba rashin kunya ba ne ka ce "Direba, don Allah ajiye wayar." Ke kuma Hajiya, in kin kira maigida kin ji ƙugin inji da hon, kar ki fara lissafa masa cefane. Ki ce, "In ka tsaya ka neme ni," ki kashe.