Ginin majalisar da aka cire daga labarin Mothra

A watan Maris na 2024 fim ɗin Godzilla Minus One ya ci kyautar Oscar, kuma a watan ne Amurkawa suka saki nasu, inda Godzilla da Kong suka haɗa kai suna dambe da wasu dodanni. Tun daga nan tsohuwar gardama ta sake tashi tsakanin masoya fina-finan dodanni na Japan. Wasu sun dage cewa asalin dodon gargaɗi ne a kan makamin nukiliya, rana ɗaya aka wayi gari an mai da shi abin wasan yara. Wasu kuma suka ce ai dama can nishaɗi ne. Wanda ya leƙa daftarorin farko da ba a ɗauka ba zai ga cewa tun a kan takarda ake ta rage wa labaran nan kaifi, kafin ma a kunna kyamara.

An san tarihin farko. A ranar 1 ga Maris 1954 tokar gwajin bam na Amurka a tsibiran Bikini ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan. Watanni kaɗan bayan haka marubuci Shigeru Kayama ya rubuta labarin Godzilla. A daftarinsa Farfesa Yamane, masanin kimiyyar da ke cikin labarin, wani baƙon mutum ne mai baƙin tabarau da alkyabba, ba ya fita sai da dare, dodon kuma dabba ce mai hawowa tudu neman abinci. Darakta Ishiro Honda da marubucin fim Takeo Murata suka sake gina labarin kafin a ɗauki fim ɗin. A 1956 aka yanke fim ɗin aka yi masa ƙari domin 'yan kallon Amurka, kuma yawancin masu gardama a nan suke tsayawa.

A ganina 1961 ta fi cancanta a tsaya a kanta. Marubuta adabi uku, Shin'ichiro Nakamura da Takehiko Fukunaga da Yoshie Hotta, suka rubuta labarin Mothra, kowa ya ɗauki kashi ɗaya, aka buga shi a mujalla a farkon shekarar. Watanni kaɗan ne tsakaninsa da zanga-zangar 1960, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane suka kewaye majalisar dokoki a Tokyo suna ƙin yarjejeniyar tsaro da Amurka, har wata ɗaliba ta rasa ranta a ranar 15 ga Yuni. To a labarin marubutan nan, Mothra, ƙatuwar tsutsar da ta ratso teku, ba ta saƙa gidanta na zare a ko'ina ba sai a kan ginin majalisar. Duk Bajafanen da ya karanta a lokacin ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙi. Ƙasar da mugun mutumin da ke cikin labarin ya fito ma an haɗa sunanta ne daga Rasha da Amurka.

Da fim ya fito a ƙarshen Yulin 1961, tsutsar ta koma saƙa gidanta a kan Hasumiyar Tokyo, wadda aka kammala a 1958, mai tsawon mita 333, abin alfaharin sabuwar Japan. 'Yan matan aljanu huɗu na labarin suka zama biyu, tagwaye mawaƙa da aka riga aka sani suka fito a matsayinsu. Gaskiya hasumiyar da ta karye ta fi ginin gwamnati kyau a majigi, kuma fim ɗin ya yi daɗi. Sai dai zamani ne da talabijin ta fara janye mutane daga silima, bayan da yawan shiga kallo ya haura biliyan ɗaya a 1958. Masana'antar da ke neman uba ya zo da iyalinsa gaba ɗaya ba za ta so tayar da mikin bara ba.

Daga nan sauran ya zo da sauƙi. A 1964 Godzilla ya fara kare duniya. A 1966 aka ɗauki rubutun da aka shirya wa King Kong aka sa Godzilla a gurbinsa ba tare da gyara mai yawa ba, shi ya sa tsawa ce ta farkar da shi, har ya tsaya yana kallon wata budurwa kamar yadda gwaggon birin yake yi. Ita kuwa Mothra sai a fim ɗin 1992, bayan shekara 31, ta samu ta saƙa gidanta a kan majalisar.